Raddi ga Mai Cewa "Bad Blood" Shi Ne Baƙin Jini

Wani malamin Turanci ya rubuta cewa idan Bature ya ce "bad blood", baƙin jini yake nufi, har ya ba ɗalibai shawarar su riƙa fassara shi haka. Ina ganin girman malam, amma wannan magana ba ta zauna ba, kuma masu fassara labarai a rediyo suna iya ɗaukarta su yaɗa.

Hujjarsa ta farko ita ce an ambaci jini a maganganun biyu, kuma an aibata shi a duka. To, haɗuwa a lafazi ba ta wajabta haɗuwa a ma'ana. Baƙin jini a wurin Bahaushe abu ne da ke kan mutum ɗaya, jama'a su tsane shi ko bai yi musu komai ba. Shi ya sa ake cewa baƙin jinin muzuru, mai kaza zagi, marar kaza zagi. Shi kuwa "bad blood" ba ya tsayuwa sai da ɓangare biyu. Bature yakan ce akwai shi tsakanin wane da wane, kuma lallai wani abu ya faru a baya: rikicin gado, cin amana, ko wata baƙar magana da ba a manta ba. Misalin da Amurkawa suka fi sani shi ne gabar gidajen Hatfield da McCoy a kan iyakar jihohin Kentucky da West Virginia, wadda ta yi ƙamari a shekarun 1880. Kowane gida yana da masoyansa. Junansu suka ƙi. Wannan a Hausa gaba ce, ko jiƙaƙƙiya, ko a ce ba sa ga maciji, in kuma abin bai yi zurfi ba a ce 'yar tsama.

Malamin ya kuma ce asalin maganganun biyu ɗaya ne, wato tunanin cewa halin mutum yana cikin jininsa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Likitancin Girkawa tun daga Hippocrates zuwa Jalinus, wanda Ibn Sina ya faɗaɗa a littafinsa Al-Ƙanun, ya ginu a kan ruwaye huɗu na jiki: jini, majina, da ruwan matsarmama iri biyu, rawaya da baƙi. Sun ɗauka idan ɗaya ya ɓaci, hali ma ya ɓaci. Sai dai a wannan tsari baƙi sifar ruwan matsarmama ce, kuma da baƙin ciki suka danganta shi. Ko da an yarda tushen ɗaya ne, kowane harshe ya kai maganar inda ya ga dama. 'Yan'uwanmu na Nijar shaida ne: a Faransanci "se faire du mauvais sang" damuwa ce da fargaba, irin ta uwar da ɗanta bai dawo gida ba har dare ya raba. Babu gaba a ciki, babu ƙin jama'a.

Hujjarsa ta ƙarshe ta fi tayar mini da hankali. Ya ce ɗalibi yana iya cewa "he has bad blood" a kan wanda ba a so. Bature ba zai fahimci haka ba. Zai ɗauka ana zagin asalin mutumin ne, ko ana cewa yana da cuta. A Tuskegee ta jihar Alabama, daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta sa baƙaƙen fata kimanin 600 a wani bincike, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere. An ce musu "bad blood" ake yi musu magani, aka ɓoye musu sunan cutar, aka hana su penisilin bayan an tabbatar yana warkar da ita. Ɗalibin da ya jefi abokin aikinsa Ba'amurke da wannan jimla yana iya fama wannan miki bai sani ba. In wanda ba a so yake nufi, "unpopular" ta ishe shi.