Ƴaƴanmu na Amurka: jami'a ko kwalejin gari?

Ƴan Nijar da suka yi ƙaura zuwa Amurka tun shekarun 1990, musamman mazauna Niyok da Girinsboro ta jihar Karolina ta Arewa, yau ƴaƴansu sun ƙare lise. Shawarar inda yaro zai ci gaba da karatu kuwa ba ta tsayawa can. Sau da yawa sai ta iso Maraɗi, Damagaram ko Tawa, wajen baffa ɗan kasuwa ko kawu ma'aikaci, domin kuɗin karatun kan shafi abin da ake aikowa gida. Tambayar ita ce: yaro ya shiga jami'a kai tsaye, ko ya soma da kwalejin gari?

Kwalejin gari makaranta ce ta gwamnati mai karatun shekara 2. Ta farko a cikinsu, ta Joliyet a jihar Ilinoi, an kafa ta a 1901. Jihar Karolina ta Arewa kaɗai tana da 58. Galibinsu suna karɓar duk wanda ya ƙare lise, kuma suna da darussan dare saboda masu aiki da rana. Mai karatu a Nijar yana iya kamanta su da cibiyoyin fasaha na IUT na Maraɗi, Tawa da Damagaram, sai dai ita ta Amurka an shirya ta yadda ɗalibi zai iya wucewa jami'a bayan shekara 2, ya ƙara wasu 2, ya samu digiri iri ɗaya da na wanda ya fara a jami'ar.

Abin da ke jan hankalin iyaye shi ne kuɗi. A shekarar karatu ta 2023-2024, matsakaicin kuɗin shekara a kwalejin gari ya kasance dalar Amurka 3.990, wato kusan sefa miliyan 2 da rabi a canjin lokacin. A jami'ar gwamnati kuwa matsakaicin abin da ɗan jiha ya biya a waccan shekarar ya kasance dala 11.260, kusan sefa miliyan 7, ban da ci da kwana. Ga uban da ke tuƙin tasi ko aikin masana'anta, wannan rata ba ƙarama ba ce. Bugu da ƙari yaro yana kwana gidansu, yana cin tuwon uwarsa, kuma idon iyaye yana kansa.

To amma duk ɗan kasuwa ya san ba a ƙirga riba ranar sari, sai ranar da kaya suka ƙare. Binciken cibiyar nazarin kwalejojin gari ta jami'ar Kolombiya ya nuna cewa kimanin 80 cikin 100 na masu shiga waɗannan makarantu suna da niyyar kaiwa ga digiri, amma wajen 16 ne kawai suke samun sa cikin shekara 6. Dalili na farko shi ne aiki: yaro ya ɗauki aikin dare don ya taimaki gida, ya rage darussa, shekara 2 ta koma 4, daga bisani ya watsar. Na biyu shi ne asarar darussa. A can kowane darasi yana da adadin kiredi, kuma digiri yana bukatar kimanin 120. Idan ɗalibi ya canza makaranta, sabuwar ba dole ta karɓi dukan abin da ya tara ba. A 2017 hukumar binciken kuɗin gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa masu canza makaranta suna asarar kimanin 43 cikin 100 na kiredinsu. Darasin da aka ƙi karɓa sai an sake biya, an sake zama.

Saboda haka araha tana ga wanda ya shiga da tsari. Jihohi da dama suna da yarjejeniya tsakanin kwalejojinsu da jami'o'insu. A Karolina ta Arewa, wanda ya kammala karatun shekara 2 na layin wucewa jami'a da sakamakon da aka gindaya, idan ɗaya daga jami'o'in jihar ta ɗauke shi, yana shiga aji na 3. Wanda ya bi layin sana'a kawai, kamar gyaran mota ko walda, zai samu aiki da wuri, amma ba duka darussansa ne jami'a za ta ƙirga ba.

Kafin dangi su ba da tasu shawara, ya kamata su tambayi abu uku. Wace jami'a yaron yake nufi, kuma wane fanni? Akwai yarjejeniya a rubuce tsakaninta da kwalejin? Awa nawa zai riƙa aiki a mako? Yaron da jami'a ta ba tallafin da ya rufe yawancin kuɗi, babu dalilin hana shi tafiya kai tsaye. Wanda bai samu ba, kwalejin gari ta fi masa cin bashi, muddin dangi sun yarda su ɗage masa nauyin aiko da kuɗi gida har ya ƙare.