Tsakanin Mai Shuka Da Mai Girbi A Ƙwallon Kwando

A hutun da ya gabata na je gida Funtua, inda muhawara ta ɓarke a majalisarmu ta bayan la'asar kan ƙwallon kwando, abin da ba kasafai ake ji ba a garin da Arsenal da Barcelona suka cinye bakin matasa. Tambayar ita ce: cikin kociyoyin da Nijeriya ta gani, wa ya fi iya rainon yara?

Wani abokina, malamin sakandare a Malumfashi, ya kafe kan Mike Brown, wanda a hannunsa D'Tigers suka doke Amurka da ci 90 da 87 a Las Vegas a 2021. Wani ya kawo Will Voigt, da ya ciyo kofin AfroBasket a 2015. Ɗan ƙanena kuwa Rena Wakama ya riƙe, wadda ta kai D'Tigress zagayen kwata fainal a gasar Olamfik ta Paris a 2024, matakin da babu wata tawagar Afirka da ta taɓa takawa.

Ban raina ko ɗaya ba. Haɗa taurari cikin 'yan makonni su zama tsintsiya ɗaya gwaninta ce. Sai dai akasarin 'yan wasan nan a kwalejojin Amurka suka nuna, kuma duk ɗan manomi ya san bambancin wanda ya yi huɗa da shuka da wanda ya iso da lauje ranar girbi.

Nawa gwanin shi ne Oliver B. Johnson, Ba'amurken da aka fi sani da OBJ, wanda ya shafe shekaru aru-aru yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Aikin irinsa ba ya shiga talabijin. Yaro ne zai zo bai san riƙon ƙwallo ba, a koya masa tsayuwa, da aza ƙafa, da sarrafa ƙwallo da hannun hagu, a maimaita har ya gundura, gobe a sake. Daga wannan fili Masai Ujiri ya fito. Bai yi wani fice a matsayin ɗan wasa ba, amma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta lashe gasar NBA a 2019, kuma tun 2003 shirinsa na Giants of Africa ke yi wa yaran nahiyar nan abin da aka yi masa a Samaru.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kusancin Zariya da mu. Hakeem Olajuwon sai da ya kai kimanin shekara 15 ya fara wannan wasa, bayan ya yi tsaron raga da ƙwallon hannu a Legas. Mu a nan, dogon yaro mai irin waɗannan shekaru tsaron ragar za a bar masa, ko ka gan shi yana dakon buhunan masara a kasuwar Dandume. Alhali daɓen siminti da kwanduna biyu kawai wasan ke buƙata, sai malamin da zai jure.

Da za mu watse, abokin nawa ya ce yana da ɗalibi ɗan shekara 14 da sai ya sunkuya yake shiga aji. Na ce ya kawo shi Samaru a duba shi. Shekaranjiya ya kira ni: mahaifin yaron ya amince, amma sai an gama cire auduga.