Asirin Abokin Ciniki Ma Ajiya Ne

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin hukuncin ajiya, wato wadi'a, a cikin Risala da Muhtasar. Wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai fa in ya yi sakaci, ko ya taɓa ta ba da izini ba. A da, in an ce ajiya, buhun gero ko ƙullin kuɗi ke zuwa a rai. Yau kuwa akwai wata wadda mu kan miƙa kullum ba mu lura ba.

Mu ɗauki manomin Sakajiki da ya sayar da bijiminsa a kasuwar Shinkafi ko ta Ƙauran Namoda. Mai POS ya ga nawa ya shiga asusunsa, wani lokaci ma shi a kan faɗa wa lambar sirrin kati, domin dattijon bai iya latsawa ba. Mai cajin waya ya riƙe wayarsa yini guda, saƙon banki yana shigowa a gabansa. Mai rajistar layi kuma ya ga lambarsa ta NIN, tun da aka wajabta haɗa ta da layi a Disamba 2020.

A Ikko, idan irin wannan bayani ya fita, kuɗi ne ke tafiya. A ƙasar Ƙaura da Zurmi kuwa mutum ne ke tafiya, gama 'yan bindiga ba duba su ke yi ba, masu kai musu rahoto ne ke gaya musu wa ya sami kuɗi. Ba mu manta ba, a Satumba 2021 sai da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara, aka hana cin kasuwannin mako.

An kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, da hukumarta. Madalla. Amma Abuja da nisa, kuma a ganinmu yawancin ɓarnar ba mugun nufi ba ne, surutu ne. Yaron shago ya zauna wurin mai shayi ya ce, "Yau Alhaji wane ya cire dubu ɗari biyar," shi ke nan. Ga rasit da a ke yarwa a ƙasa, ga littafin bashi a buɗe bisa tebur.

To, idan wannan sakaci ya jawo aka ɗauke mutum, iyalinsa suka sayar da gona don fansarsa, shin biya ya hau kan mai shagon? Muna roƙon malamanmu na Ƙaura da Shinkafi su ɗauko wannan mas'ala a majalisunsu na karatu, su faɗa mana abin da littattafai suka nuna.