Garin neman gira, kada ƴaƴanmu su rasa ido

A watan Janairun da ya wuce, hunturu na tsakiyar kaɗawa, wata ɗalibata ƴar ajin BEPC ta shigo aji da baƙin tabarau. Na ce ta cire. Da ta cire sai jikina ya yi sanyi: fatar idonta ta kumbura, ta yi ja, tana saɓa. Bayan an tashi na tsayar da ita na ce, "Ƴata, me ya same ki?" Ta ciro wata ƴar kwalba daga jakarta, ba ta kai babban yatsana ba, jikinta duk rubutun Koriya. Ta ce, "Madam, man ido ne, na masu busasshiyar fata. An ce ba ya da zafi." Jikka biyu ta saye shi wurin wata mai talla a WhatsApp, da kuɗin kalacin da ta tara kusan wata guda. Na tambaye ta ciwon da take yi wa magani. Ta ce ƙasan idonta ya fi sauran fuskarta duhu.

Yarinya ce ƴar shekara 15, lafiyarta ƙalau, aka zauna aka koya mata cewa launin da Allah ya yi ta da shi cuta ce, kuma maganinta na cikin kwalbar da ba ta iya karanta ko harafi ɗaya na jikinta. Wannan ne ya sa ni rubutu yau, kuma da iyaye da ƴan'uwana malamai nake.

Ba ni da rigima da Koriya ta Kudu. Ƙasa ce da ta yi nisa a sana'ar kayan shafa, tana da hukumar da ke sa ido a kansu, kuma man idonsu na ainihi da aka yi don fata mai saurin kaushi ba guba ba ne. Amma mu san abin da ke ciki. Yawanci ruwa ne da gilisarin da wani sinadari mai suna hiyaluronik, waɗanda ke jawo danshi. Sai seramid da pantenol masu taimaka wa fata ta riƙe shi. Wasu a ƙara ganyen da ake kira santela don kwantar da ƙaiƙayi. Ke nan man laushin fata ne aka zuba a ƙaramin mazubi, mililita 15 zuwa 30. Yana rage kaushi, ba ya canza halitta. Abin da zai ba ku dariya, ku duba jerin sinadaran da yawa daga cikinsu za ku ga an rubuta Butyrospermum parkii. Man kaɗanya ke nan. Itacen ba ya fitowa a Koriya. A nan yankinmu yake, daga Mali da Burkina Faso da Gana zuwa Najeriya, har da wajen Gaya a ƙasarmu. Matan ƙauye su tsinto, su daka, su dafa, a sayo da arha a tsallaka teku da shi, a dawo mana da ɗan ɗigonsa cikin kwalba mai ƙyalli mu biya ninkin-ba-ninkin.

To wannan in na ainihin ne. Ku yi lissafi irin na ɗan aji shida. Kaya ya taso daga Seul, ya biya jirgi, ya biya duwan, ya biya mota har Maraɗi ko Damagaram, mai talla ta ɗora ribarta, sannan a ce ya fi arha a kartiyenmu bisa can inda aka yi shi? Araha ba ta ado. Buga rubutun Koriya a jikin kwali ba shi da wuya ga duk mai na'urar buga takarda. Mai sayarwa ba ta karanta shi, mai saye ba ta karanta shi, ranar lalacewarsa ma ba wanda ya duba. Na ainihin kansa, in ya yi watanni a shagon kwano cikin zafin Afrilu, ba shi ne wanda ya baro masana'anta ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne alkawarin da ake haɗawa da tallar: wai cikin kwana bakwai ƙasan ido zai yi fari. Man laushi ba ya yin haka. Abubuwan da ke kawo haske da gaggawa mun san su tun zamanin man bilicin: hidrokinon, da zaiba, da magungunan kortizon masu ƙarfi irin wanda ake rubuta clobétasol a jikin kwali. Tarayyar Turai ta hana hidrokinon a man shafawa tun 2001. Kodebuwa ta hana mayukan sauya launin fata a 2015, Ruwanda ta bi sahu a 2018. Ba don wasa suka yi ba. Fatar ido ita ce mafi siranta a jikin mutum, abin da aka shafa mata yana ratsawa da sauri. Kortizon mai ƙarfi in aka daɗe ana shafa shi kusa da ido yana ƙara sirantar da fata, yana iya hawar da ƙarfin ruwan cikin ido har ya kai ga gulokoma, yana iya kawo yana. Ganin da gulokoma ta ci ba ya dawowa. Hidrokinon kuwa in an daɗe a kansa yana barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen ido, wanda ya fi duhun farko muni kuma yana da wuyar magani. An je neman gira ke nan an rasa ido.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa a ɗakin malamai. Wani mushe ya ce, "Madam, mu karatu aka ɗauke mu mu koyar, kwalliyar ƴan mata ba ta cikin furogaram." Ban yarda ba. Muna koyar da fata da ido a darasin SVT, muna koyar da lissafin kashi cikin ɗari, muna koyar da Faransanci da Ingilishi. In yarinya ta yi shekara goma a hannunmu amma ba ta iya juya kwali ta nemi jerin sinadarai da ranar lalacewa, ba ta iya tambayar kanta wa zai ci riba in ta yarda da wannan bidiyo, me muka koya mata? Yarinyar da idonta ke zafi ba ta ganin allo. Tawa sati biyu ta yi ba ta iya riƙe littafi da kyau, a shekarar jarrabawa.

Wata uwa kuma ta ce, "Ai mace sai da gyara, ku bar su." Gaskiya ne, ni ma ina shafa mai, ina son in fita fes. Gyara daban, gyaran abin da bai lalace ba daban. Duhun ƙasan ido ga baƙar fata sau da yawa gado ne, ku dubi fuskar uwa da ta goggo za ku gan shi. Wani lokaci rashin barci ne, kuma mun san wadda ke riƙe da salula har ƙarfe ɗayan dare. Wani lokaci yawan murza ido ne saboda ƙura da ƙaiƙayi. Yarinyar da ta ɗashe tana yawan gajiya kuma, a auna jininta. Babu ɗaya cikin waɗannan da kwalbar jikka biyu ke warkarwa. Fuskokin da suke gani a finafinan Koriya da TikTok kuwa, akwai hoda, akwai fitila, akwai tace hoto. Su kansu masu fuskar ba haka suke tashi daga barci ba.

Akwai kuma masu cewa a ƙwace salula, a zane yarinya, magana ta ƙare. Wannan ma ban bi shi ba. Wadda aka daka za ta ɓoye kwalbar ne a gidan ƙawarta, ranar da ido ya kumbura kuma ta ji tsoron faɗa. Ɗalibata kwana huɗu tana ɓoyewa a gida kafin ta zo da tabarau. Haka nan ba na cewa duk namu na gargajiya lafiya ne: tozalin dutse sau da yawa yana ɗauke da dalma, kuma muna ɗura shi a idon jarirai. In za mu yi faɗa da na waje, mu duba na gida.

To me za a yi da kaushin, tunda shi gaskiya ne? Iskar hunturu tana tsotse danshin fata, wankin fuska da sabulu mai kaifi yana ƙarawa. A wanke fuska da ruwa mai ɗumi kaɗan, a bar sabulun wanki da na soda. Tun fata na da ɗan danshi a ɗebi bazilin marar turare ko man kaɗanya mai tsabta, kamar ƙwayar dawa, a dangwala a kan ƙashin da ke kewaye da ido, kada ya shiga ciki. A daina murza ido. Duk sabon mai, ko daga ina ya zo, a gwada shi a cikin hannu na kwana biyu ko uku kafin ya hau fuska, in ya yi zafi ko ja a bar shi. Mai hali da ke son na Koriya ta saya inda za ta iya komawa ta yi ƙorafi, ta nemi wanda jerin sinadaransa ke cikin haruffan da ake iya karantawa, marar turare, kuma ta guji duk wanda aka yi mata alkawarin fari. In ido da kansa ya yi ja, yana kwantsa, ko gani ya ragu, babu zancen mai, sai gidan likita.

Iyaye mata, ku buɗe jakar ƴaƴanku cikin lalama ku ga abin da suke shafawa, ku tambayi wa ya sayar musu. Iyaye maza, ku riƙa gaya wa ƴaƴanku mata suna da kyau, don in ba su ji a gida ba, mai talla na jiran su da nata bayanin. Malamai, mu ware awa ɗaya kafin hunturu mai zuwa, kowace yarinya ta zo da kwalin man da ke gidansu mu karanta tare, mu kuma kai maganar taron ƙungiyar iyaye mata ta lakwal.

Ɗalibata ta warke bayan likita ya sa ta daina shafawa, alhamdulillahi. Kwalbar tana cikin durowar teburina, da ita nake buɗe wannan darasi a kowane aji. Mai tallar kuwa har jiya tana ɗora sababbin hotuna, kuma ƴan matan ajina da yawa suna da lambarta.