Kaduna: Garin Da Aiki Ya Tara Wa Jama'a

Da yawa daga cikin ɗalibanmu, in aka tambaye su inda za su nufa bayan sun gama makaranta, sai su ce Kaduna. Haka iyayensu suka yi, haka ma kakannin waɗansu. Amma Kadunar da ta karɓi iyayen nan ba ita ce za ta karɓi 'ya'yan ba. Don haka na ga ya kamata mu duba tarihin garin, mu ga abin da ya tara masa mutane, da abin da ya same shi daga baya. Ra'ayina shi ne, aiki ne ya gina Kaduna, kuma babu wani abin da zai gyara zaman jama'arta kamar a maido mata da masana'antunta.

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Zariya ko Katsina. Ba ta da ganuwa, ba ta da fadar sarki ta kaka da kakanni. Gbagyi ne ke zaune a ƙauyukansu a bakin kogin kafin zuwan Turawa. Sunan garin ma na kogin ne, wanda Hausawa suka ce daga kada ya samo asali, saboda yawan kadojin da ke cikinsa. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin, domin akwai ruwa, akwai fili, ga kuma layin dogo da ya ratsa ta nan ya kai Kano a 1911. Aka fara kawo sojoji a 1913, sa'an nan a 1917 aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan. Saboda haka mutanen farko da suka cika garin sojoji ne, da akawuna, da leburorin reluwe, da kuku da boyi na gidajen Turawa. Kowa baƙo ne, kuma neman abinci ne ya kawo kowa.

A ƙidayar da aka yi a farkon shekarun 1950, mutanen Kaduna ba su kai 50,000 ba. A ƙidayar 1963 sun kai wajen 150,000. Yau kuwa sun wuce miliyan ɗaya. Haihuwa kaɗai ba ta ninka gari sau uku cikin shekara goma. Abin da ya faru shi ne an buɗe masaƙu.

A 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead and Sons, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ya sani da KTL, a Kakuri. Dabarar mai sauƙi ce. Audugar da manoman Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau ke nomawa, maimakon a loda ta a jirgin ƙasa zuwa Ikko a kai Ingila, daga baya mu sayo yadin da tsada, sai a kaɗa zaren a nan, a saƙa a nan. Bayan KTL sai Nortex ta biyo, sai UNTL ta mutanen Hong Kong, sai Arewa Textiles wadda aka kafa da mutanen Japan, dukansu a cikin shekarun 1960. A 1964 aka kafa masana'antar makamai ta soja. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci, ciki har da 504 ɗin nan da ta cika hanyoyin Nijeriya. A 1980 kuma aka buɗe matatar mai.

Wanda bai ga Kakuri a lokacin ba, da wuya ya gane abin da albashin masaƙa ya yi wa ƙasar nan. Injuna ba sa tsayawa dare da rana. In aka busa jiniya, dubban mutane ke fitowa a kan kekuna, wasu dubban kuma suna shiga. A bakin ƙofa ga mai tuwo, ga mai ƙosai, ga mai facin taya, ga tela. Masu gidaje a Makera da Nasarawa suna karɓar kuɗin haya. A ƙarshen wata kuɗin ba ya tsayawa a Kaduna. Yana tafiya Kagoro da Zonkwa da Pankshin da Gboko da Malumfashi, ya biya kuɗin makarantar ƙanne, ya sayi kwanon rufi da taki. Akwai malamai da likitoci da fastoci masu yawa a yau waɗanda albashin wani yaya a masaƙa ne ya kai su inda suke.

Akwai kuma wata riba da ba a lissafa ta da naira. A gaban inji, Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe da Ibo layi ɗaya suke tsayawa. Kirista da Musulmi kwano ɗaya suke sa hannu a lokacin hutu, ƙungiya ɗaya suke biya wa kuɗin wata, in za a yi yajin aiki tare suke fita. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda hedkwatarta ke Kaduna, ita ce ta fito da Adams Oshiomhole, mutumin Edo da ya fara aiki a Arewa Textiles, har ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999. Ba wanda ya tambaye shi garinsu kafin a bi shi.

To, me ya kashe masaƙun? Wasu suna cewa lokacinsu ne ya yi. Ban yarda ba, domin kowane dalili yana da hannun mutum a ciki. Na farko shi ne wuta. Masaƙa ba ta jure ɗauke wuta, in inji ya tsaya zare ya tsinke, an yi asara. Kamfanoni suka koma kan janareta, ga kuma baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuyar samu, alhali matatar mai na nan a gefensu. Na biyu, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadarin rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada. A wannan shekara kuma aka rushe hukumar cinikin auduga, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tabbacin farashi, sai ya koma masara. Na uku shi ne fasa-ƙwauri. Atamfa mai araha daga Sin ta riƙa kwararowa ta Kwatano da kan iyakar Nijar, wani lokaci ma da zanen masaƙunmu aka kwaikwaya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta sallami dubban ma'aikata a 2007, sauran ma suka bi sahu. Akwai tsofaffin ma'aikata da suka mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama, suka bar gwauraye da marayu.

Abin lura shi ne, mutane ba su daina zuwa Kaduna ba. Garin yana ta faɗaɗa zuwa Rigasa da Gonin Gora da Mararraban Rido, aikin kuwa yana ta raguwa. Saurayin da ubansa ya yi shekara 20 a gaban inji, shi babur yake haya da shi, ko ya wuni a gindin bishiya. Ba na cewa rufe masaƙu ne ya haddasa rikicin 2000 da na 2002, waɗannan suna da nasu dalilai na siyasa da addini. Amma wuta ba ta ci sai ta sami busasshiyar ciyawa, kuma matasa marasa aiki su ne ciyawar. Bayan rikicin, kogin da ya ba garin suna ya zama kamar iyaka, Kirista suka fi yawa a kudu, Musulmi a arewa. Yara suna tasowa ba su da aboki a ƙetaren gada. Taron sulhu yana da amfaninsa, amma sau nawa ake yinsa a shekara? Masaƙa kuwa kullum take haɗa mutane, awa takwas a rana.

Wani zai ce zamani ya wuce, yanzu duniyar kwamfuta ce. To, mai kwamfuta ma riga yake sawa. Ƙasar Bangladesh ba ta noma audugar kirki, sayowa take yi, amma mutum wajen miliyan 4 ne ke cin abinci a masana'antun ɗinkinta. Mu da muke da ƙasar noma, da cibiyar binciken aikin gona a Samaru, da kasuwar mutum fiye da miliyan 200, mene ne uzurinmu? Gwamnati ta taɓa ware naira biliyan 100 don farfaɗo da auduga da masaƙu, amma bashi ba ya tada masaƙar da ba ta da wuta, ga kuma iyaka a buɗe. Sai an fara daga tushe: wuta tabbatacciya ga unguwar masana'antu, iri mai kyau ga manomi, da jami'an kwastan masu tsoron Allah.

Mu ma muna da namu rabon. Makarantu nawa ne a Arewa, kuma yadi nawa suke saya kowace shekara don kayan ɗalibai? Ƙungiyoyin zumuntar mata nawa ne ke ɗinka anko? Da hukumomin makarantu da ikilisiyoyi za su tsaya a kan cewa sai yadin da aka saƙa a Nijeriya, da 'yan masaƙun da suka rage sun sami abin numfashi. Da ɗan gari a kan ci gari.

Ku kuma ɗalibai, ku daina raina darasin fasaha da aikin gona. Ba kowa ne zai zauna a ofis ba. Ku shiga kasuwar Panteka ku ga yadda maƙera da masu walda ke ƙera injin niƙa da tukwane daga tsohon ƙarfe, ba tare da taimakon kowa ba. Da waɗannan hannuwa za su haɗu da ilimin lissafi da kimiyya irin wanda kuke samu a aji, da labari ya sha bamban. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello suna nan suna jiran masu son koyon aikin injiniya. Ranar da jiniya za ta sake kaɗawa a Kakuri, za a nemi waɗanda suka iya aikin, ba waɗanda suka iya ba da labarin jiya ba. Ku shirya tun yanzu. Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya ba garin Kaduna zaman lafiya, amin.