Ranar 'yan mazan jiya: ko kuɗin bajo ya wadatar?

Kowace shekara, gabanin 15 ga watan Janairu, gwamnatin Nijeriya kan ƙaddamar da sayar da bajon tunawa da 'yan mazan jiya, domin tallafa wa tsofaffin sojoji da iyalan waɗanda suka rasu.

An zaɓi ranar ce saboda ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Sai dai har yanzu marayun sojoji ƙaruwa suke yi. A watan Maris na 2018, 'yan bindiga sun kashe sojoji 11 a Kampanin Doka da ke yankin dajin Birnin Gwari a jihar Kaduna.

Taimakon shekara-shekara kuwa ba ya maye gurbin haƙƙi. A Disambar 2024, tsofaffin sojoji sun tare ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja, suna neman a biya su basussukan da suke bin gwamnati.