ZANCENMU NA WATA: Yaran da ake kaiwa bara Aljeriya

 An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, masu tafiya cin rani sun fara ɗaure kaya. Shi ya sa a wannan wata za mu yi zancen wata tafiya da ba cin rani ba ce, ko da yake da sunan cin rani ake yin ta.

Duk wanda ya san gundumar Kance, cikin jihar Damagaram, ya san ƙasa ce mai yawan jama'a da ƙarancin gona. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabon ta. Ko damana ta yi kyau, abin da aka samu ba ya kai gida wata damanar. Daga nan ne mata suka fara ɗaukar yara suna bi ta Agadas da Arlit, su faɗa Aljeriya, su zauna bakin titi da ƙofar masallaci suna bara. Wadda ta dawo da kuɗi ta yi rufin kwano, ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki. Maƙwabciya ta gani, ita ma ta ɗaura niyya. Har ta kai wadda ba ta da ƙaramin yaro tana karɓar na wata, da alkawarin in an dawo za a ba iyayensa wani abu. Wato yaro ya zama abin haya, kamar amalanke.

Mu tuna abin da ya faru a watan Oktoba na 2013. Motoci biyu da suka tashi daga Arlit sun lalace cikin hamada kafin su kai iyakar Aljeriya. Ruwa ya ƙare. Da masu nema suka isa, gawa 92 suka tarar: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu mutanen yankin Kance. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. A watan Yuni na 2016 kuma aka tsinci wasu gawa 34 wajen Asamaka, 20 daga ciki yara ne. Babu ɗaya cikin yaran nan da aka tambaya ko yana son tafiyar.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. Daga Disamba 2014, bisa yarjejeniya da Aljeriya, aka fara maido da ƴan ƙasarmu cikin manyan motoci zuwa Agadas, daga nan kowa a kai shi garinsu. A Maris na 2022 har jirgin sama gwamnati ta aika Dakar, babban birnin Senegal, ya kwaso ɗaruruwan mata da yara da ke kwana a titi. Amma mu faɗi gaskiya: maido da mutum gida abu ɗaya ne, zaunar da shi wani abu ne daban. Da yawa an sauke su yau, kafin wata uku sun koma, don rumbun da suka bari wayam, wayam suka tarar da shi.

Saboda haka ne aka ɓullo da tallafin kuɗi ga gidaje marasa ƙarfi. Shirin da aka fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya ya riƙa ba gida jika goma kowane wata har shekara biyu, kuma a hannun uwargida ake danƙa kuɗin. Ana haɗawa da taron faɗakarwa kan shayar da jariri nono zalla, da tsabta, da sa yara lakwal. Jika goma ba dukiya ba ce, mun sani. Amma matan da suka haɗa kai suka yi adashi da ita sun sayi awaki, wasu sun kama sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tun 2006 kuma aka yafe kuɗin magani ga yaran da ba su kai shekara biyar ba, ko da yake wani lokaci a je likita a tarar maganin ya yanke. A Disamba 2017 aka sa hannu kan dokar da ta ce a taimaki ɗiya mace ta zauna lakwal har ta kai shekara 16.

Akwai kuma wata doka da mutane da yawa ba su sani ba. Iyayen da ƴaƴansu ƴan ƙasa da shekara 18 suka maida bara sana'a, da wanda ya tura yaro bara, da wanda ke cin abin da yaron ya samo, alƙali na iya ɗaure su wata shida zuwa shekara guda a gidan kaso. Wanda ya ba da ɗansa haya yana ciki. Maigidan da ya zauna gindin bishiya yana jiran saƙo daga Tamanraset, shi ma ya duba kansa, don sau da yawa laifin a kan mata kaɗai ake ɗora shi, alhali da saninsa aka tafi.

To, ina aikin mutanen gari? Babu yaron da ke barin ƙauye ba a sani ba. Mushen lakwal ya san wanda ya daina zuwa aji. Maigari ya san gidan da aka sayar da tunkiya don kuɗin mota. Liman ya san wadda ta zo neman addu'ar tafiya. A ƙauyuka da dama an kafa kwamitin kare yara, inda maigari da liman da shugabar mata da wakilin matasa ke zama tare. In kun ga alamar za a tafi da yaro, ku fara da yi wa iyayen magana cikin mutunci. In ba su ji ba, a sanar da kwamitin, ko sarki, ko ma'aikatan kula da yara na gunduma, tun motar ba ta tashi ba. Da zarar ta wuce Agadas, maganar ta fi ƙarfin maigari.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen takardar haifuwa da yadda ake samun ta ga yaron da aka makara ba a rubuta shi ba.